Hasken da Ke Fita Daga Kumfar Ruwa: Tambayoyi da Amsoshi Kan Bayanin Kwantam

Ina koyar da fiziks a wata sakandaren ƙauye a yankin Kura, inda ruwan Tiga ke ratsa gonakin shinkafa da tumatir. Tun da ɗalibaina suka ga hoton wani ɗigon haske shuɗi tsaye a tsakiyar kwalbar ruwa, tambaya ba ta yanke mini ba. Wasu a aji suke yi, wasu a bakin masallaci bayan la'asar, har da abokan aikina malamai da iyayen yara masu injin ban ruwa. Na tattara waɗanda aka fi maimaitawa, na sa musu lamba domin wata amsar tana jingina da wata.

1. Malam, da gaske ne kumfa tana ba da haske a cikin ruwa, ko dai haɗin waya ne?

Da gaske ne. Idan aka cika kwalba da ruwa, aka manna mata na'urar da ke tura sauti mai ƙarfi cikin ruwan, ana iya tsayar da kumfa ƙwaya ɗaya tak a tsakiya, ba ta taso ba, ba ta nutse ba. Sautin yana buɗa ta, sannan ya sake ta ta rufta, kamar yadda tsohuwar rijiya ke ruftawa da damina, sai dai ita ta kowane gefe take ruftawa zuwa cibiyarta. Daidai lokacin da ta kai ƙarshen ƙanƙancewa sai ta yi walƙiya. Masana suna kiran abin sonoluminesans, ma'ana haske daga sauti. Mu a aji hasken kumfa muke cewa.

Ido yana ganin kamar tauraro ɗaya da ba ya ƙiftawa, alhali walƙiya ce ke bin walƙiya. In sautin yana kaɗawa sau 26,000 a daƙiƙa, walƙiya 26,000 ake samu a daƙiƙar, kowace kaɗawa da tata. Kunnen ɗan Adam ba ya jin abin da ya haura kaɗawa 20,000, don haka a ɗakin gwajin ba a jin wannan sautin. Ruwan kuma yana nan da sanyinsa.

2. Wa ya fara ganin wannan abu?

A 1934, a Jami'ar Kolon ta ƙasar Jamus, wasu masana biyu, Frenzel da Schultes, sun tura sauti mai ƙarfi cikin ruwan da farantin ɗaukar hoto ke ciki, sai farantin ya nuna alamun haske. A wancan gwajin kumfa ce birjik, kowace tana yin nata a lokacin da ta ga dama, hasken kuma dishi-dishi, shi ya sa aka yi shekara hamsin da ɗoriya ba a iya auna abin yadda ya kamata ba.

A 1989 Felipe Gaitan, ɗalibin digiri na uku a ƙarƙashin Lawrence Crum a Jami'ar Misisifi ta Amurka, ya gano yadda za a kama kumfa guda a riƙe ta tana walƙiya na tsawon lokaci. Daga nan Seth Putterman da ɗalibansa a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelis suka duƙufa wajen awo, kuma alƙaluman da suka fitar su ne suka tayar da gardamar da ke cikin tambaya ta 5.

3. Yaya girman kumfar yake, kuma me ke faruwa da ita a kowace kaɗawa?

In an bar ta a natse, daga cibiyarta zuwa bakinta kusan maikiron 5 ne. Maikiron kashi ɗaya ne cikin 1,000 na milimita. Kaurin silin gashin kai yana kai maikiron 70 ko kusa da haka. Sauti matsi ne da sassauci a jere. Lokacin sassauci ruwan yana ja baya, kumfar ta kumbura har kusan maikiron 50, cikinta ya zama kusan wayam, sai 'yar iska da tururi. Da matsi ya dawo, ruwan da ke kewaye ya rugo ciki, babu abin da zai tare shi, sai gudunsa ya yi ta ƙaruwa har bangon kumfar ya wuce kilomita ɗaya a daƙiƙa. Ba ya tsayawa sai ƙwayoyin iskar da ke ciki sun cunkushe har ba sauran wuri, a wajen rabin maikiron.

Daga 50 zuwa rabi ninki 100 ke nan a faɗi, wanda ke nufin ninki miliyan a girman ciki. Ku ɗauki duro mai lita 200 a matse shi ya koma ɗigo huɗu na ruwa. Bayan walƙiyar kumfar takan yi 'yan tsalle-tsalle ta natsu, sannan kaɗawa ta gaba ta sake buɗa ta.

4. Ni manomi ne. Wannan ce kumfar da ke cinye fankar injin ban ruwa?

Alhaji, danginta ce ta jini. In tiyon tsotso ya yi tsawo, ko rariyarsa ta toshe da ciyawa, ko injin ya yi nisa sama da ruwa, matsi yana faɗuwa a bakin fanka har ruwan ya tsage ya yi kumfar tururi. Da kumfar ta isa inda matsi ya dawo sai ta rufta a jikin ƙarfe. Ƙarar da kake ji kamar an zuba tsakuwa a cikin injin ita ce wannan, ramukan da bakanike ke nuna maka a fanka kuma aikinta ne. Tun 1917 Lord Rayleigh na Ingila ya yi lissafin irin wannan ruftawa, a zamanin da take lalata farfelar jiragen ruwa, kuma lissafinsa ne tushen wanda ake amfani da shi a kan kumfa mai haske har yau. Ka matso da injin kusa da ruwa, ka share rariya, fankarka za ta daɗe.

5. In matsi ne kawai, mene ne abin mamaki har aka nemi bayanin kwantam?

Abubuwa ne suka taru. Ƙarfin da sauti ke ɗauke da shi a warwatse yake cikin ruwa, kason kowace ƙwayar zarra bai taka kara ya karya ba. Kafin ƙwayar haske ɗaya ta fito sai an tattara wannan ƙarfi kusan sau tiriliyan. Sannan ga gajartar walƙiyar: awon da Barber da Putterman suka buga a 1991 ya nuna ba ta kai fikosakan 50 ba. Fikosakan kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na daƙiƙa. A fikosakan 100, haske da duk gudunsa na kilomita 300,000 a daƙiƙa santimita 3 kaɗai yake ci, tsawon gaɓar yatsa. Da za a ja walƙiya mai fikosakan 100 ta kai daƙiƙa ɗaya, da sai an jira kwana huɗu da ɗoriya kafin ta gaba.

Masu nazari suka ce, iskar da ta yi zafi ai sai ta ɗauki lokaci kafin ta huce, yaya wannan ke kunnuwa ta mutu haka? Ƙari a kan haka, da aka warware hasken zuwa launukansa, kamar bakan gizo, ba a ga layukan da kowane sinadari ke bari ba. Ku barbaɗa gishiri a wuta ku ga rawaya. Wannan tambarin sodiyam ne. Hasken kumfa guda a cikin ruwa sumul yake, ba tambarin kowa, yana ƙara ƙarfi ta ɓangaren shuɗi har ya shige inda ido ba ya gani, ruwa kuma ya shanye sauran. Haske marar tambari, mai gajarta haka, shi ya sa wasu manyan masana suka fara tunanin ko ba daga iskar cikin kumfar yake fitowa ba sam.

6. Mene ne kwantam, kuma me ake nufi da cewa sarari wayam ba wayam ba ne?

Kwantam shi ne ilimin yadda ƙananan abubuwa ke aiki, ƙwayar zarra da ilektaron da haske. Max Planck ya buɗe ƙofarsa a 1900 da ya nuna ƙarfi a ƙulle-ƙulle ake bayar da shi, kamar gishirin tebur da ake sayarwa a ƙulli, babu rabin ƙulli. A 1905 Einstein ya nuna haske ma haka yake. Ƙullinsa shi ake kira foton.

Ɗaya daga cikin hukunce-hukuncen wannan ilimi shi ne babu abin da ke iya natsuwa ɗari bisa ɗari. Ko an zuƙe iska duka daga cikin tulu, an kashe kowace fitila, an sanyaya shi iyakar sanyi, ƙarfin lantarki da na maganaɗisu da ke cikin sararin tulun yana nan yana ɗan motsi, kamar fuskar dam da asuba, ba iska amma ba ta tsaya cik ba. A 1948 Hendrik Casimir, ɗan ƙasar Holan, ya lissafa cewa in aka jera faranti biyu na ƙarfe dab da juna a sarari wayam za su jawo juna. Dalili shi ne tsakaninsu ba kowace kaɗawa ke samun wuri ba, kamar tsirkiyar gurmi da tsawonta ke zaɓar sautin da za ta fitar, a waje kuwa kowace tana nan, sai na waje su fi ƙarfin na ciki. Steve Lamoreaux ya auna wannan jan da kyau a 1997. Ba tatsuniya ba ce.

7. To me masu bayanin kwantam suka ce game da kumfar?

Wanda ya fara shi ne Julian Schwinger, wanda ya raba kyautar Nobel ta 1965 da Feynman da Tomonaga a kan ilimin kwantam na haske. A jami'a ɗaya yake da Putterman, ya ji labarin kumfar daga tushe, kuma a shekarunsa na ƙarshe, daga 1992 har rasuwarsa a 1994, ya rubuta jerin maƙaloli a kai. Hujjarsa ita ce: haske yana rage gudu a cikin ruwa, ma'aunin wannan ragi 1.33 ne, a iska kuwa kusan 1. Saboda haka motsin sarari wayam a cikin ruwa daban yake da na cikin kumfa. In kumfa ta rufta, ruwa ya mamaye wurin da dā iska ce, ƙarfin da ke cikin wannan motsi ya canza, bambancin kuma ya fito a matsayin haske.

A 1996 Claudia Eberlein ta ɗauki zancen ta wata fuska. Tun 1970 Gerald Moore ya nuna a lissafi cewa madubin da ake girgizawa da tsananin sauri zai iya fizgo foton na gaske daga motsin sarari wayam. Eberlein ta ce bangon kumfa, iyakar da ke tsakanin ruwa da iska, kamar wannan madubin yake, kuma tsayawar da yake yi farat ɗaya a ƙarshen ruftawa ita ce girgizar. Lissafinta ya ba da haske sumul marar tambari, mai kama da na abu mai zafi ba tare da zafi ba, kuma mai gajarta. Ya amsa abubuwan da ke cikin tambaya ta 5 a tashi ɗaya.

Ina gaya wa ɗalibaina cewa wannan tunani ne mai kyau ƙwarai, kuma mutanen da suka kawo shi sun san aikinsu. Ranar da na fara fahimtarsa na so ya zama gaskiya. An samu wasu bayanan kwantam ɗin ma, kamar na Willison a 1998 da ya danganta hasken da tsallaken furoton (ƙwayar da ke cikin cibiyar zarra) tsakanin ƙwayoyin ruwa, amma na sarari wayam shi ya fi jan hankali.

8. Malam, wannan ba yana nufin ana samar da haske daga babu ba?

A'a, kuma wannan tambayar ina so a riƙe amsarta da kyau, domin wani dattijo ya taɓa tare ni da ita cikin damuwa. Abin da masana fiziks ke kira sarari wayam ba shi ne "babu" da malamanmu na tauhidi ke magana a kai ba. Wuri ne da ke akwai, yana da faɗi, yana da dokoki, yana da ƙarfin da ake aunawa. Ko a lissafin Eberlein, kuɗin hasken daga aljihun mai girgiza madubin yake fita: lantarki ya ba na'ura, na'ura ta ba sauti, sauti ya ba bangon kumfa. Duk wanda ya ce muku za a samu wuta kyauta daga wannan hanya, ku riƙe kuɗinku. Hasken kumfa guda bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na tocilar waya ba, na'urar da ke kunna shi kuwa tana shan wuta sosai.

9. Me ya kayar da bayanin sarari wayam?

Lissafi da awo ne suka kayar da shi. Na farko shi ne sauri. Ku dubi mai tallar nono da ƙwarya a ka: tana tafiya, tana juyawa, tana durƙusawa, nono bai zuba ba, domin motsinta a hankali yake in an gwada da yadda nonon ke kaɗawa a ƙwarya. Sai an fizge ta fiye da saurin kaɗawar nonon sannan zai fantsama. Hasken da ido ke gani yana kaɗawa sau ɗaya a wajen kashi biyu cikin 1,000 na fikosakan. Ƙarshen ruftawar kumfa kuwa yana ɗaukar ɗaruruwan fikosakan. A wurinmu wannan ƙiftawar ido ma ta fi shi tsawo nesa ba kusa ba, amma a wurin haske tafiyar hawainiya ce, sarari wayam yana bin bangon kumfar a natse, ba ya fantsama. Kilomita ɗaya a daƙiƙa ina, 300,000 ina? Masanan da suka bi lissafin Eberlein, har da William Unruh wanda aikinsa na cikin abin da ta dogara da shi, sun nuna cewa kafin a samu yawan foton ɗin da ake gani, wanda ke kai dubu ɗari zuwa miliyan a kowace walƙiya, sai bangon kumfar ya wuce gudun haske. Wannan ba ya yiwuwa.

Na biyu, Kimball Milton, wanda ɗalibin Schwinger ne da kansa, ya sake lissafin malaminsa tare da abokan aikinsa a ƙarshen shekarun 1990. Suka nuna cewa babban kason ƙarfin da Schwinger ya ƙirga yana cikin siffar ruwan ne tun asali, ba abin da ruftawa za ta saki ba ne, abin da ya rage kuma ya gaza abin da ake buƙata sau biliyoyi. Ina yawan tsayawa a kan wannan a aji. Ɗalibi ya gyara malaminsa bayan rasuwarsa, cikin girmamawa, da kayan aikin da malamin ya koya masa. Wasu masana, Liberati da Visser da Belgiorno da Sciama, sun yi ƙoƙarin ceto bayanin da cewa ba gudun bango ne ke aikin ba, canjin farat ɗaya ne na iskar ciki, amma shi ma yana buƙatar saurin da ba a nuna kumfar tana da shi ba.

Na uku, awo ya gyaru. A 1997 Bruno Gompf da abokansa a Jami'ar Stuttgart suka auna tsawon walƙiyar da na'ura mai ƙirga foton ɗaya-ɗaya, suka samu daga fikosakan 60 zuwa sama da 250, gwargwadon ƙarfin sauti da yawan iskar da ke cikin ruwa. Gajere ne har yanzu, amma ya shigo cikin abin da iska mai zafi za ta iya. Hujja ta huɗu tana cikin tambaya ta 10, kuma a ganina ita ce ta fi kowace nauyi.

10. Me ya haɗa iskar agon da wannan magana?

Iskar da muke shaƙa kusan kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, 21 oksijin, sai agon da bai cika kashi ɗaya ba. A 1994 Robert Hiller da abokansa a ɗakin gwajin Putterman suka gwada kumfar naitirojin zalla, da ƙyar ta yi haske. Suka haɗa naitirojin da oksijin, haka. Da suka ƙara agon kashi ɗaya cikin 100 sai haske ya dawo. A 1997 Detlef Lohse da abokan aikinsa suka warware dalilin: zafin ruftawa yana farfasa naitirojin da oksijin, su haɗu da tururi su zama sinadaran da ke narkewa a ruwa su fice. Agon ba ya haɗuwa da komai, sai ya zauna. Shiƙa ce sosai, ƙaiƙayi ya tafi, tsaba ta rage, cikin ɗan lokaci kumfar ta koma kusan agon zalla.

Ga inda gizo ke saƙar. A wurin haske, naitirojin da agon kusan abu ɗaya ne, dukansu ma'auninsu ya ɗan haura 1 da ƙyar. Da motsin bango ne ke fizgo haske daga sarari wayam, da ba ruwansa da wace iska ce a ciki. Amma hasken yana zaɓar iska, har iskar zenon, 'yar'uwar agon, ta fi agon haske. Yana kuma zaɓar sanyin ruwa: in aka sanyaya ruwan zuwa kusa da ƙanƙara haske yana ƙaruwa ninki-ba-ninki, domin ruwan sanyi ba ya tura tururi da yawa cikin kumfa, tururi kuwa shi ke shanye zafi. Duk waɗannan suna nuna abin da ke cikin kumfar ne ke haske, kuma zafi ne ke sa shi.

11. To wane bayani masana suka fi yarda da shi yanzu?

Wanda kowane mai injin niƙa ya sani a aikace. Injin dizal ba shi da filogi. Fistin yana matse iska kusan ninki 15 zuwa 20 da sauri, iskar ta yi zafin da ya haura digiri 500, a fesa mai ya kama. Famfon keke ma in kun buga da sauri gindinsa yana ɗumi. Kumfa tana matse iskarta ninki ɗaruruwa, in an gwada da girmanta na natse, cikin lokacin da zafi ba zai samu hanyar tsira ba, sai ya haura digiri 10,000.

A wannan zafin wasu ƙwayoyin agon kaɗan suna rasa ilektaron ɗinsu, iskar ta zama abin da ake kira filasma, dangin abin da ke bakin sandar mai walda da cikin walƙiyar hadari. Ilektaron da ya kuɓuta yana gudu, in ya gifta kusa da wata ƙwayar zarra sai ya karkata ko ya ci birki, ƙarfin da ya rasa ya fita a matsayin foton. Wani kuma ya koma gidansa ya saki foton. Irin wannan hasken sumul yake, domin ilektaron da ke sake ba shi da ƙayyadadden mataki. Da kumfar ta fara buɗewa zafi ya ɗan sauka, ilektaron suka koma mazauninsu, sai haske ya ɗauke nan take. Ba sai iskar ta huce duka ba. A 1999 Hilgenfeldt da Grossmann da Lohse suka haɗa wannan da lissafin Rayleigh na tambaya ta 4, ya fitar da tsawon walƙiya da launinta daidai da awo.

12. Ke nan kwantam ba shi da hannu a ciki ko kaɗan?

Yana da hannu dumu-dumu, kuma nan ne ɗalibai suka fi ruɗewa. Abin da ya faɗi shi ne bayanin sarari wayam, ba ilimin kwantam ba. Me ya sa zenon ta fi agon haske? Domin ɓamɓare ilektaron daga zenon yana cin ilektaron-bolt (ma'aunin ƙarfi a ƙananan abubuwa) 12.1, daga agon 15.8, daga hiliyam 24.6, kuma kwantam ne kaɗai ke bayyana dalilin waɗannan lambobi. Yadda ilektaron ke sakin foton in ya ci birki, da kwantam ake lissafa shi. Rawayan sodiyam da ake gani idan aka yi gwajin kumfa mai yawa a ruwan gishiri, tsalle ne tsakanin matakai biyu na cikin ƙwayar zarra. Ko ƙarfen da maƙeri ke zugawa ya yi ja, ya koma ruwan lemo, ya yi fari, launinsa ne ya tilasta wa Planck ƙirƙiro kwantam tun farko. Babu hasken da ke duniya da ba ya bi ta wannan ƙofa.

13. Nawa ne zafin cikin kumfar, kuma yaya aka auna abin da bai kai silin gashi ba?

Da launin haske ake aunawa, yadda maƙeri ke gane zafin ƙarfe da ido. A gwajin kumfa mai yawa, Kenneth Suslick na Jami'ar Ilinoi ya samu kusan digiri 5,000 a 1991, dab da zafin fuskar rana wanda ke wajen 5,500. A 2005 shi da David Flannigan suka tsayar da kumfar agon guda a cikin asid mai kauri na salfa, wanda kusan ba ya tururi. Hasken ya ninka na ruwa sau dubbai, layukan agon suka bayyana ƙarara, daga gare su aka karanta zafin da ya kai digiri 15,000. Sun kuma ga tambarin oksijin da ya rasa ilektaron, shaidar filasma a cibiyar kumfar. Sarari wayam ba shi da tambarin agon. Masana har yanzu suna gardama a kan iyakar zafin cibiyar, da kuma ko filasmar tana barin haske ya ratsa ta ko daga fatarta kawai yake fita.

A 2002 wasu masu bincike a Amurka sun yi iƙirarin cewa kumfa ta kai zafin haɗa ƙwayoyin nukiliya, irin abin da ke faruwa a cikin rana, wanda ke buƙatar miliyoyin digiri. Ɗakunan gwaji masu zaman kansu sun maimaita ba su samu ba.

14. An taɓa ganin haske daga sarari wayam a wani wuri? Akwai gwajin da zai raba gardama a kan kumfar?

An gani. A 2011, a Jami'ar Chalmers ta ƙasar Suwidin, Christopher Wilson da abokansa suka yi madubin lantarki a da'irar da aka sanyaya kusa da ƙarshen sanyi. Ba ƙarfe suka girgiza ba, tsawon hanyar lantarkin suka riƙa canzawa sau biliyoyi a daƙiƙa, sai foton na zangon maikirowef suka fito kamar yadda Moore ya lissafa. Wato tushen da Schwinger da Eberlein suka tsaya a kai gaskiya ne. Kumfar ce ba ta da saurin da zai kai ta can (duba tambaya ta 9).

Gwajin Suwidin ya nuna alamar da za a nema. Foton ɗin sarari wayam tagwaye suke fitowa, biyu-biyu a ɗaure da juna, na iska mai zafi kuwa kowa tasa ta fisshe shi. Liberati da abokansa sun ba da shawarar a nemi wannan tagwaitaka a hasken kumfa. Aiki ne mai wuya: foton har miliyan a cikin fikosakan 100, daga wurin da bai kai maikiron ba, ta cikin ruwa da gilashin da ke shanye wasu su karkatar da wasu.

15. Za mu iya yin gwajin a makarantarmu ta ƙauye?

Cikakken gwajin yana son kwalbar gilashi mai zagaye ta wajen mililita 100, da 'yan faifan fizo da ke mayar da lantarki sauti, da na'urar ba da kaɗawa da ake iya saitawa daki-daki, da amfilifaya, da wuta tsayayya, ko ta sola ce. Ɗaliban jami'a a ƙasashe da dama suna yin sa, kuma ina ganin sashen fiziks na kowace jami'a a Kano ko Dutse zai iya haɗa shi. Ga 'yan'uwana malamai: faifan fizo yana aiki da ɗaruruwan bolt, kada yara su taɓa shi, kuma kada kowa ya kusanci asid saboda abin da ya karanta a tambaya ta 13. Ruwan batir asid ɗin salfa ne da aka tsinka da ruwa, ba mai kaurin gwajin ba ne, kuma yana ƙona fata da ido.

Amma gaɓoɓin bayanin muna nuna su da abin da ke hannunmu. Ku ɗebi ruwa kaɗan a sabon sirinji marar allura, ku toshe bakin da yatsa, ku ja sandar da ƙarfi: kumfa za ta buɗe a ruwan sanyi, in kun saki ta rufta da 'yar ƙara tas. Famfon keke zai nuna zafin matsi. Gishiri a harshen wutar risho zai nuna tambarin sodiyam. In kun daka sukari mai ƙwaya a ɗaki mai duhu za ku ga tartsatsi shuɗi, sai dai ku gaya wa yara wannan daga tsagewar ƙwayar sukarin yake, hanyarsa daban da ta kumfa. Wanda Allah ya hore wa kayan cikakken gwajin, ya fara da tafasa ruwan domin korar iskar da ke ciki, ya rufe shi ya huce, ya sanyaya shi a randa ko firji. Ya saita sauti har kwalbar ta amsa, ya ɗiga ɗigo ɗaya a saman ruwan domin ya jefa kumfa ciki, ya riƙa ƙara ƙarfi a hankali. Sannan a toshe tagogi, a kashe waya, a zauna a duhu kamar minti goma sha biyar kafin a duba tsakiyar kwalbar.